Shin Takardun Shafa Kala na Katun Za Su Riƙe Mini Yara a Tafiyar Kaka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina zaune a Gwammaja cikin birnin Kano, ina da yara uku: auta mai shekara uku, yayarsa mai shida, da babban wansu mai tara. A hutun tsakiyar zango za mu tafi ƙauyen maigidana a ƙasar Rano, mu yi mako guda saboda bikin ƙanensa, kuma tafiyar ta faɗo a tsakiyar kaka. Can wuta ba ta zama, yaran kuwa sun saba da kallon katun a wayata. Maƙwabciyata ta ce in bugo musu takardun zanen katun da ake shafa wa kala. Shin za su riƙe su? Wane iri zan nema, kuma hotunan ba su da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Shawarar maƙwabciyarki tana kan hanya, kuma a matsayina na wadda ta daɗe tana koyar da 'yan nazare da ƙananan azuzuwan firamare a nan Kano, ina goyon bayanta, amma da sharaɗi. Takardar shafa kala tana riƙe yaro ne idan an zaɓe ta daidai da ƙarfin hannunsa, an riƙa ba shi ita kaɗan-kaɗan, kuma abin da ke cikinta yana da alaƙa da abin da idonsa ke gani a inda yake. Idan aka rasa waɗannan, za ki kashe kuɗin bugu ki cika jaka da takardu, kafin la'asar ɗin ranar farko sun gama yamutsa su sun dawo suna kukan waya.

Ki fara da sanin cewa 'ya'yan nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da kin miƙa musu takarda iri ɗaya. Ki lura da hannun autanki idan ya ɗauki kirayon: za ki ga ya dunƙule shi a tafin hannu, ko ya kama shi da yatsunsa duka tafin yana kallon ƙasa, kuma motsin daga kafaɗa da gwiwar hannu yake fitowa, yatsun ba su fara aikinsu ba tukuna. Shi ya sa yake ƙetare layi, wani lokaci har kalar ta sauka a kan tabarma. Wannan ba ƙiriniya ba ce, iyakar abin da jikinsa ya kai ke nan, domin riƙon fensir da yatsu uku, wanda yatsun ne da kansu ke juya bakin fensirin, yawanci ba ya zama daram sai tsakanin shekara huɗu zuwa shida. Abin da ya dace da shi hoto ne guda ɗaya ƙato da ya cika shafi, mai layi mai kauri, wanda ba shi da ƙananan lunguna: fuskar mage, mota, kifi, ƙwallo. Kada ki ce masa ya ɓata, kada kuma ki kama hannunsa ki gyara masa. A abin da nake gani a aji, yaro mai shekarunsa idan ya zauna minti biyar zuwa goma a kan takarda ɗaya ya yi ƙoƙari, kuma duk wanda ya ce miki takarda za ta zaunar da shi awa guda bai taɓa zama da 'yan shekara uku ba.

'Yar shekara shidan ita ce za ta fi kowa morar wannan abu. A shekarunta yaro ya fara iya tsayawa cikin layi, yana alfahari da hakan, yana kuma da ra'ayi a kan wace kala ta dace da riga, wace ta dace da takalmi. Ita za ki nema wa hotunan katun ɗin da ta sani, masu ɗan bayani a cikinsu kamar gida da bishiya da mutum biyu ko uku. Babban wansu kuwa zai iya raina abin, ya ce na yara ne, kuma yana da gaskiya idan irin takardar ƙannensa kika ba shi. A nema masa zane mai sarƙaƙiya da zai ci masa kwana biyu, kamar doki cikin kayan hawan Daushe ko ƙofar gari da adonta. Abin da na ga ya fi kama 'yan shekara takwas zuwa goma shi ne shafin katun mai gidaje huɗu ko shida da aka bar wurin magana a buɗe, yaro ya shafa kala sannan ya rubuta abin da kowane ɗan katun ke faɗa da Hausa. Nan take wasan ya koma ƙagen labari da koyon rubutu, kuma da dare zai sami abin karanta wa 'yan'uwansa.

Game da yawa, takarda biyu zuwa uku a yini ga kowane yaro sun isa, amma yadda za ki fitar da su ya fi adadinsu muhimmanci. Ki yi da su yadda kike yi da abinci a kwanon yaro: a zuba kaɗan, in ya cinye a ƙara. Yaron da aka zube wa takarda ashirin a gabansa zai ja layi biyu a kan kowace ya wuce ta gaba, cikin ɗan lokaci ya ce ya gama. Ki ajiye su a jakarki, ki fito da biyu ya zaɓi ɗaya, kuma ki tsayar da lokaci sananne, misali bayan azahar lokacin da rana ta yi zafi ba a son su fita, domin abin da yaro ya san lokacinsa yana ɗokinsa.

Akwai abin da nake so ki yi hattara da shi a wajen nema. Yawancin takardun da ke intanet a Amurka da Turai aka zana su, kuma kakarsu daban take da tamu. A can lokaci ne da ganyen itatuwa ke yin ja da ruwan goro su zube, shi ya sa za ki ga shafi bayan shafi na ganyayyakin da 'ya'yanki ba su taɓa gani ba. Wannan ba laifi ba ne, sai dai ba ya ce musu komai. Wanda ya fi damuna shi ne bikin Halowin da suke yi ranar 31 ga Oktoba, wanda hotunansa ke cakuɗe da na kaka a kusan kowane shafi: kabewa da aka sassaƙa wa ido da haƙora, mayu a kan tsintsiya, fatalwa, ƙwarangwal, jemagu. Har 'yan katun ɗin da yara suka saba da su ana zana su cikin irin wannan shiga. Yarinyar da ta wuni tana shafa wa fatalwa kala, da dare kuma ta kwanta a ɗakin da ba ta saba ba, babu wuta, ana jin kukan mujiya daga bayan gida, ba ita ba barci, ke ma haka. Don haka kada ki tura wa mai shagon kwamfuta saƙo ki ce ya bugo miki hamsin ya aiko. Ki zauna ki duba kowace takarda da idonki kafin a buga, ki kuma lura da shigar 'yan katun ɗin da abin da suke yi a hoton.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce, kada katun ɗin waje ya wuce rabin abin da za ki tafi da shi. Za ku sauka a ƙauye ne a lokacin da ya fi kowane lokaci abin kallo. An riga an girbe gero an ɗaure dammuna, dawa ta nuna ko tana gab da nuna, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, amalanke da jakuna suna ta shigowa da kaya, mata suna sussuka da shiƙa a bakin gari, ana gyaran rumbuna. Yaron birni da ya san gero a kwanon awo kawai zai ga inda yake fitowa. Idan a jakarki akwai zanen rumbu, da damin dawa, da jaki da mangala, da kaza da 'yan tsakinta, to takardar da abin da ke tsakar gida za su riƙa kiran juna. Ki sa a karyo wa yarinyar zangarniyar dawa guda biyu, kaura da farafara, ki ajiye mata a gefen takarda ki ce ta nemo kalar da ta yi daidai da kowace. Za ki ga ta ɗaga fensir ruwan ɗorawa ta kara a jikin kaurar, ta ga bai kai ba, ta ɗora ruwan ƙasa a kai, ta sake dubawa, ta goga da yatsa. Wannan dubawa da sake dubawa shi ne ainihin amfanin da muke nema, kuma hoton da aka zano daga wata ƙasa ba zai ba ta shi ba, tunda ba ta da abin da za ta gwada shi da shi.

Samun irin waɗannan zane ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ki ɗauki hoton da kike so, ki ɗora farar takarda a kansa a jikin gilashin taga da rana, ki bi manyan layukan da baƙar maka, ki bar ƙananan bayanai, sannan ki kai a yi miki fotokwafi. Malamin zane na makarantar yaran, ko masu rubuta allunan talla da ke kusan kowace unguwa, za su iya zana miki goma cikin ɗan lokaci. Idan kuma 'yan katun ake so, muna da namu tun kafin talabijin: Gizo da Ƙoƙi, kura da kwaɗayinta, dila malamin daji, Ɓotorami. A zana su da manyan idanu da fuskar ban dariya yadda yara ke so. Da dare kakarsu ta yi musu tatsuniya, da rana su shafa wa Gizon da suka ji labarinsa kala, kuma wannan zai haɗa tsohuwar da jikokinta fiye da duk tsarabar da za ki kai mata.

Ya kamata in gaya miki cewa ba duk masana ne ke son takardun shafa kala ba. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane haifaffen Ostiriya da ya yi aiki a Amurka, wanda littafinsa na 1947 ya daɗe yana jagorantar malaman zane, ya yi adawa da su ƙwarai. Hujjarsa ita ce, yaron da ya saba cike zanen da babba ya yi masa yakan daina yarda da nasa zanen, ya koma kwaikwayo, ya fara cewa shi bai iya ba. Na ga hakan da idona a aji: yaron da ake ba farar takarda ya tura ta gefe ya ce a zana masa tukuna. Amma ban bi shi har ƙarshe ba, domin shafa kala yana ƙarfafa yatsu, yana koya wa ido da hannu tafiya tare, yana koyar da haƙurin gama abin da aka fara, kuma duk waɗannan yaro yana bukatarsu a rubutu. Matsakaicin da nake bi shi ne, duk takardar katun ɗaya a bi ta da farar takarda ɗaya. Idan ya gama shafa wa motar kala, ki juya masa bayan takardar ki ce ya zana motar da ta kawo ku, ko akuyar da ya gani da safe. In ya kawo miki, kada ki tambaye shi mene ne wannan, ki ce ya ba ki labarin abin da ya zana. In kuma ya yi wa jaki kore, ki bar masa jakinsa.

Kayan aiki ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Takarda A4 ta yau da kullum mai giram 80 ta wadatar, a buga baƙi da fari a gefe ɗaya. Bugun injin fotokwafi ya fi, domin tawadarsa ba ta narkewa idan gumi ko ruwa ya taɓa ta, saɓanin ta wasu ƙananan firintocin gida. Auta a saya masa kirayon mai kauri, manyan biyu kuma fensirin kala mai guda 12, duk ana samunsu a shagunan kayan makaranta na Kasuwar Sabon Gari da na cikin unguwanni. Maka mai ruwa ki bar ta a gida: tana huda takarda, tana ɓata kayan biki, kuma murfinta ƙaramin abu ne da yaro zai iya haɗiyewa ya shaƙe. Ki tafi da abin fiƙe fensir guda biyu, kada ki bari kowa ya fiƙe da reza. Tunda babu tebur, kwali mai kauri ko bayan tire ya isa abin ɗorawa.

Wajen sayen kirayon ki duba kwalinsa, saboda ɗan shekara uku sai ya kai shi baki. Ki nemi wanda ke da sunan kamfani da alamar CE ko EN 71, wato ƙa'idar lafiyar kayan wasan yara ta Turai, ko ASTM D-4236, wato ƙa'idar Amurka ta kayan zane. Alamar ba tabbaci ba ce ɗari bisa ɗari tunda ana buga jabu, amma ta fi kwalin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne dalma: a 1994 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sa an janye wasu kirayon da aka shigo da su daga Sin saboda an sami dalma a cikinsu. Mu a Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, ko da yake can daga aikin haƙar zinare ta fito. A wanke hannu kafin cin abinci. Ki kuma sani cewa kirayon da kaki ake yin sa, yakan fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 40, kuma motar da aka rufe a rana a watan Oktoba tana wuce haka, don haka kada ki bar shi a gaban gilashi ko a but.

A cikin mota kuwa ban ba ki shawarar su yi shafa kala ba sam. Yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu su ne suka fi saurin jiri da amai a tafiya, kuma sunkuyar da kai a kan takarda yana tsananta shi, domin ido yana ganin abu a tsaye alhali kunnen ciki yana jin motsi. Ga kuma fensir mai tsini a hannun yaro idan direba ya taka birki ko ya faɗa rami. Su duba waje, kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya gani a hanya wanda zai zana idan an sauka.

Akwai abin da iyaye 'yan birni kan manta, kuma shi ne ya fi jawo rigima. Ba 'ya'yanki kaɗai za ki tarar a gidan ba. Da zarar sun shimfiɗa tabarma sun fito da kala, 'ya'yan baffanni da na gwaggwanni da na maƙwabta za su zagaye su, wasu ba su taɓa riƙe kirayon ba. Idan naki uku ne kawai ke da shi, kin raba yaran gida biyu, kuma iyayensu mata suna kallo ko ba su ce komai ba. Ki ninka fotokwafin hotuna masu sauƙi sosai, ki ƙara kwali biyu ko uku na kirayon, ki karya kowane sanda biyu. Karyawar ma tana da amfani, domin guntun kirayon ba ya dunƙuluwa a tafin hannu, dole yaro ya kama shi da yatsu. Ki naɗa babban wansu mai rabo da karɓa: shi zai miƙa takarda, ya ƙirga kala kafin a fara da bayan an gama, ya rubuta sunan kowa a ƙasan aikinsa. Wannan muƙami zai riƙe shi fiye da kowace takarda. Ranar dawowa kuma ki bar musu abin da ya rage.

Batun hotunan masu rai, wanda na fahimci yana cikin tambayarki, fage ne na malaman addini, kuma sun yi saɓani a kai. Da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu kuma sun tsananta a kan zana duk abin da ke da rai. Ki tambayi malamin da kuka amince da shi, ki yi shawara da maigida, ki kuma yi la'akari da ra'ayin surukanki tunda gidansu za ku. Idan kuka zaɓi kauce wa masu rai, ba ku rasa komai ba, domin adonmu na gargajiya ya ishe ku: dagi, zanen bangon gidajen cikin birni irin na Gidan Makama, aska takwas ta babbar riga, zanen hula, zanen lalle, Ƙofar Nassarawa, Dutsen Dala, har da a-daidaita-sahu. Abin da zan ja kunnenki a kai kai tsaye shi ne, kada ki bugo takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah don wannan tafiya, ko da kin ga suna da kyau. Takardar yara a gidan biki ƙarshenta ƙasa, a taka ta, ko akuya ta ja ta, ko a hura wuta da ita.

'Yan katun ɗin da aka sani mallakar kamfanoni ne. Wasu kamfanonin da kansu suna sakin takardu kyauta don amfanin gida, kuma su ne suka fi tsabtar layi. Buga su da yawa don sayarwa wani abu ne daban, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a Maris 2023 ta shafe shi.

Saura maganar waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini yana zaune gaban allon waya ko talabijin, kuma in ya gaza haka ya fi. Don haka rashin wutar ƙauyen alheri ne ga autanki. Amma kada ki jira sai kun sauka sannan ki yanke wayar gaba ɗaya, ga baƙon wuri ga baƙin fuskoki, domin kukan zai haɗu ya yi miki yawa. Ki fara tun a Gwammaja kwanaki kaɗan kafin tafiya: ki rage kallon, ki fito da takarda a daidai lokacin da suka saba karɓar wayar, ki zauna tare da su ki shafa taki ko da na minti biyar ne, domin yaro ya fi daɗewa a kan abin da ya ga babba ya ɗauka da muhimmanci. Hoton ɗan katun ɗin da suka fi so shi za ki fara fitarwa, shi ne zai jawo su daga wayar zuwa takardar.

Takardun da suka fi kyau ki ɓoye su sai ranar ɗaurin aure da ranar wuni, lokacin da hidima za ta ɗauke ki. Ko a ranar, kada ki ɗauka takarda za ta yi miki reno. Gidan biki a ƙauye akwai rijiya, akwai manyan tukwane a kan murhu, akwai babura masu shige da fice a ƙofar gida, kuma ɗan shekara uku yana ajiye kirayon ya miƙe ba tare da kowa ya lura ba. Ki damƙa shi a hannun babbar mace guda ɗaya da ta san cewa ita aka ba wa, kada ki bar shi ga wansa mai shekara tara, kada kuma ki dogara da cewa gidan cike yake da mutane.